Launin Yayi a Bangon Tsohon Gida: Fentin Zamani da Adon Gidajen Da a Ƙasar Hausa

Tun daga shekarar 2000, kamfanin Pantone na ƙasar Amurka, wanda asalin aikinsa shi ne bai wa kowane launi lamba domin masu ɗab'i da masaƙa da masu haɗa fenti su fahimci juna ba tare da saɓani ba, yakan ayyana launi guda, wani lokaci biyu, a matsayin launin shekara. Manyan kamfanonin fenti ma sun bi wannan sahu, ciki har da masu fentin Dulux, wanda kamfanin CAP ke haɗawa a Nijeriya da izinin masu shi. Wanda ya bi diddigin waɗannan sanarwoyi zai ga cewa yayin ya karkata a 'yan shekarun nan, domin bayan ruwan toka ya daɗe yana cin kasuwa a gidaje da ofisoshi, sai Dulux ya zaɓi wani ruwan ƙasa mai ɗumi da ya kira Brave Ground a 2021, Pantone kuma ya zaɓi Peach Fuzz a 2024, wato launin da ke tsakanin ruwan hoda da ruwan goro, sannan a 2025 ya zaɓi Mocha Mousse, wanda ruwan ƙasa ne mai ɗan duhu. Waɗannan launuka sukan iso Kano da Kaduna da Maraɗi ta hotunan Instagram da Pinterest tun kafin gwangwaninsu ya iso kanti, har ya zama mai gida yana miƙa wa mai fenti waya yana cewa irin wannan yake so.

A daidai wannan lokaci kuma wata sha'awa ta taso, ta ƙawata gida da kamannin da. Abin da ake nufi da adon tsohon yayi shi ne a tsara ɗaki ko gida yadda zai tuna wa mai shigowa wani zamani da ya shuɗe, ko dai ta hanyar adana abin da aka gada, ko ta kwaikwayonsa a sabon gini. A ƙasar Hausa wannan ya shafi gidan ƙasa mai zaure da soro da zankwaye, ya shafi gidajen ma'aikata na zamanin Turawa da na bayan samun 'yancin kai waɗanda ke unguwanni irin Nasarawa a Kano, haka kuma ya shafi sabon ginin bulo da siminti da aka yi wa bakan gizo da zanen dagi domin ya yi kama da na kakanni. Hujjar da wannan lacca ke son kafawa ita ce, launin yayi ba abokin gābar tsohon gida ba ne, sai dai ba shi ne ke da ta cewa ta farko ba, domin abin da aka gina bango da shi, da irin hasken da ke faɗa masa, su ne ke fara yanke hukunci, daga baya launi ya nemi wurin zama.

Launukan da magina suka gada

Maginin Hausa na da bai san kantin fenti ba, amma ba a rasa launi a aikinsa, kuma kusan duk launukan nasa daga ƙasa da itace da karofi suke fitowa. Jikin bango yakan ɗauki launin ƙasar da aka yi tubali da yaɓe da ita, shi ya sa garuruwa suka bambanta da juna, wani ja-ja, wani fatsi-fatsi, wani mai toka-toka. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa da aka jiƙa, tana ƙarfafa yaɓe da daɓe tana hana ruwa saurin cin su, tana kuma bar musu wani launi mai duhu tsakanin ja da baƙi, wanda har yau masu sayar da yadi ke kira ruwan makuba. Laso, wato simintin gargajiya da ake shafe rufin soro da shi, ana haɗa shi ne da katsi, wanda shi ne dattin da ke kwanciya a gindin rijiyar rini, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara, kuma idan ya bushe yakan ba da launin toka mai haske. Farar ƙasa ita ce ta cikin ɗaki, jar ƙasa da baƙi na fito da zane, shuɗi kuwa yana da tsohuwar alaƙa da baba da marina irin na Ƙofar Mata a Kano, waɗanda ake danganta kafuwar karofinsu da shekarar 1498.

Abu biyu ne suka haɗa waɗannan launuka duka. Na farko, babu mai sheƙi a cikinsu, domin haske yakan shige su ya watsu maimakon ya dawo wa ido kai tsaye, kuma da yake hannu ne ya shafa su, wani wuri ya fi wani kauri, sai bangon ya zama yana da zurfi ko da launi ɗaya ne a kansa. Na biyu, duk suna barin bango ya yi numfashi, ma'ana damshin da ya shige shi yana da hanyar fita. Idan aka jera Mocha Mousse da Brave Ground kusa da bangon da aka yaɓe da makuba, za a ga 'yan gida ɗaya ne, don haka mai son adon gargajiya a wannan zamani ya yi sa'ar yayi irin wadda bai samu ba lokacin da ruwan toka mai sanyi ke tashe.

Sai dai kuskure ne a ɗauka cewa launi mai kaifi baƙo ne a ginin Hausa, kamar yadda wasu masu kishin gargajiya kan yi iƙirari. Gaskiya ne, Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, tsakanin 1834 da 1846, ƙawarsa ta kasance cikin bakan gizo da ɗaurin guga da zanen da aka tayar a jikin ginshiƙai, inuwa da haske ne ke fito da su. Amma a tsakiyar ƙarni na 20, da siminti da fentin gwangwani suka wadata, attajiran Zariya suka shiga gasar ƙawata fuskar zaurukansu, magina kuma suka karɓi kore da shuɗi da rawaya hannu bibbiyu, har suka riƙa saka keke da mota da jirgin sama da agogo a cikin zane tare da dagi da takobi. Anthony Kirk-Greene ya rubuta ɗan littafi a kan waɗannan gidaje a 1963, daga baya Friedrich Schwerdtfeger ya yi dogon nazari a kansu, Hamman Tukur Saad kuma ya yi bincikensa na digirin digirgir a 1981 a kan yadda magina da kansu ke auna kyawun gini. Ƙofar fadar Zazzau a yau shaida ce ta wannan karɓuwa, haka ma gidajen unguwar Birni a Damagaram. Kafin fentin gwangwani ma, mata sun daɗe suna zuba bula, wato shuɗin wanki, a cikin farar ƙasa domin ɗaki ya yi haske mai sanyi. Ashe abin da ake kira gargajiya a yau, wani sashensa yayin jiya ne da ya samu wurin zama, kuma abin lura shi ne yadda ya samu wurin.

Inda launi ke zama

Maginin Zariya bai shafe gida duka da kore ba. Ya bar katangar gida da launin ƙasarta, ya tara launi a kewayen ƙofar zaure da saman ta da gefen taga, inda idon mai wucewa zai fara sauka. Tsarin ya yi daidai da na babbar riga, wadda yawancin jikinta launi ɗaya ne, aikin allura kuma ya taru a wuya da aljihu, kuma ba abin mamaki ba ne, tunda zane-zane da dama, ciki har da dagi, suna yawo tsakanin riga da bango da kayan dukanci. Masu adon ɗaki na ƙasashen Turai suna da wata ƙa'ida da suke koya wa ɗalibai, cewa kashi 60 cikin 100 na ɗaki ya zama launi mai rinjaye, kashi 30 mai mara masa baya, kashi 10 kuma mai jan ido. Lissafin ba wahayi ba ne, amma ya zo kusa da abin da magina suka yi da ido ba tare da alƙalami ba.

Daga nan ne ake gane inda ya kamata launin yayi ya shiga. Idan yayin na ruwan ƙasa ne ko ruwan madara ko ruwan zuma, yana iya ɗaukar bangon gaba ɗaya, domin ko yayinsa ya wuce ba zai zama abin kunya ba. Idan kuwa mai kaifi ne, irin Viva Magenta na 2023, wanda ja ne mai karkata zuwa shunayya, ko Very Peri na 2022, wanda shuɗi ne mai ratsin shunayya, to wurinsa shi ne ƙyauren ƙofa, ko cikin alkuki, wato ɗan ramin da ake bari a bango domin ajiye fitila, ko labule da matasan kujera, duk wuraren da za a iya sauya su da gwangwani ɗaya ko yadi kaɗan. Dalilin na tattalin arziki ne kafin ya zama na ƙawa, domin kamfani yana sauya launin shekara kowace shekara, mai gida kuwa ba ya sake fenti sai bayan shekaru, sau da yawa sai biki ya taso ko salla ta gabato.

Ya dace a dubi soro guda da kyau domin a ga yadda wannan ke aiki. A soron da aka yi wa ɗaurin guga, bakuna ne ke tasowa daga bango su haɗu a tsakiyar rufi, tsakaninsu kuma ana ganin azara a jere, a wasu gidaje an saka ta gicciye, sannan a daidai mahaɗar bakunan akan manna tasa ko farantin tangaran. Wanda ya shafe wannan rufi duka da farin fenti ya kashe shi, domin ya daidaita abin da aka gina don ya bambanta. Wanda ya bi kowane baka da launi dabam shi ma ya kashe shi ta wata hanyar, domin ido ba zai san inda zai bi ba. Abin da ya fi dacewa shi ne a bar azara da duhunta, a shafa wa filin bango launi mai haske marar sheƙi, a bai wa bakunan launi ɗaya da ya ɗan fi na bangon duhu domin su fito, sannan a kyale tasar nan ta tsakiya ta zama ita kaɗai ce mai ƙyalli a sama. Idan ana son shuɗin yayi irin Classic Blue na 2020, wanda ya yi kusa da shuɗin baba, siririn layi a gefen kowane baka ya isa.

Haka lamarin yake a ɗakin da aka yi wa jere. Kwanukan sha da fanteka da langa da samiru da tasoshin da iyaye mata suka jera a bango ko a kabad sun riga sun zo da nasu launuka, ja da kore da shuɗi da furanni, ga kuma sheƙi, don haka bangon da ke bayansu aikinsa ya yi shiru. Bango mai ruwan hoda mai sheƙi a bayan jere gasa yake yi da kayan, kuma duka biyun ne ke faɗuwa.

Abin da ke cikin gwangwani

Wannan shi ne sashen da aka fi sakaci da shi, kuma shi ne ya fi rushe gidaje. Kowane fenti yana da garin launi, da abin da ke riƙe garin ya manne a bango, da ruwan da ke tsinka shi. A fentin mai, abin riƙon yakan bushe ya zama fata mai hana ruwa wucewa, fentin ruwa na zamani kuma, wanda ake haɗawa da wani nau'in roba, yana barin damshi ya ɗan wuce amma ba kamar farar ƙasa ba. Bangon ƙasa yana shan damshi daga tushe da damina, yana kuma fitar da shi ta fuskarsa idan rana ta fito. Idan aka rufe fuskar da filastar siminti ko fentin mai, damshin ba ya daina shiga, fita ce kawai ya rasa, sai ya taru a bayan fatar, gishirin da ke cikin ƙasa ya biyo shi, fenti ya kumbura ya ɓare, yaɓe ya koma gari, kuma sau da yawa ba a farga ba sai filastar ta ɓalle a faifai guda ta bar rami. Gara ma tana samun mafaka a irin wannan wuri, domin ba a ganin hanyarta. Gidajen ƙasa masu yawa da aka yi wa wannan gyara da kyakkyawar niyya sun lalace fiye da waɗanda aka bari ana yi musu yaɓe a kai a kai.

Saboda haka mai gidan ƙasa da ke son launin yayi ya nemi launin a cikin farar ƙasa, kada ya neme shi a fentin mai. Farar ƙasa da aka ƙona daga dutse, idan aka jiƙa ta aka shafa, takan sha iskar da ke kewaye ta koma dutse a hankali, ta manne ba tare da ta toshe bango ba. Ana iya rina ta da garin launi, sai dai tana da kaifin da ke cinye wasu launuka. Jar ƙasa da rawayar ƙasa da sauran launukan da asalinsu tsatsar ƙarfe ce suna jure mata, haka ma bula, amma shuɗin da aka fara haɗawa a Berlin a farkon ƙarni na 18 ba ya jurewa. Masu gyaran tsofaffin gine-gine sukan ba da shawarar kada garin launi ya wuce kimanin kashi 10 cikin 100 na farar ƙasar, in ba haka ba zai riƙa bin hannu da tufafi, wanda ke nufin launuka masu haske da matsakaita ne ke samuwa ta wannan hanya. Farar ƙasa kuma tana yin duhu tana ɗanya, ta yi haske sosai idan ta bushe, don haka ba a yanke mata hukunci a bokiti.

Sabon gini na bulo ba shi da wannan matsala, fentin ruwa ya dace da shi, muddin an bar filasta ta bushe na kimanin mako 4 kafin a shafa. Matsalarsa ta kamanni ce. Sikiridin da ake yi wa bango har ya yi sumul kamar gilashi, idan aka ɗora masa fenti mai sheƙi, ba zai taɓa yin kama da na da ba ko da an dace da launi, saboda haka wanda ke son kamannin gargajiya ya zaɓi marar sheƙi, ya kuma yarda buroshi ya bar sawunsa.

Rana da ƙura

Hotunan da ake kwaikwayo yawanci an ɗauke su ne a ƙasashen da rana ke tafiya ƙasa-ƙasa, haskenta kuma mai laushi ne. Kano tana kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, rana na dukan bango da ƙarfi kusan duk shekara, don haka launi mai laushi da ya yi kyau a hoto yakan koɗe ya zama fari-fari a waje, mai kaifi kuma yakan ƙara kaifi har ya gaji da ido. Rana tana kuma cin launukan da aka haɗa daga sinadaran masana'anta, musamman ja da shunayya da wasu nau'o'in rawaya, fiye da yadda take cin na tsatsar ƙarfe, launi mai duhu kuma yana tara zafi ya tura shi cikin ɗaki. Ga hunturu, wanda ke lulluɓe kowane bango da jar ƙura tun daga Nuwamba har zuwa Fabrairu ko Maris, ga kuma ruwan damina da ke fantsamo laka a gindin katanga. Farin bango da ruwan toka mai haske su ne suka fi nuna wannan datti, ruwan ƙasa kuwa yana haɗiye shi. Tsohuwar dabarar nan ta shafa launi mai duhu daga ƙasa zuwa kimanin ƙugu, a bar sama da haske, wadda aka saba gani a makarantu da asibitoci da gidajen ma'aikata, maganin wannan matsala ce, kuma ita kanta alama ce ta wancan zamani da mai adon tsohon yayi zai iya dawo da ita da launin da yake so.

A cikin ɗaki kuma ƙwan lantarki ne ke da iko da dare. Farin ƙwai mai kaifi, wanda ma'aunin launin haskensa ya kai 6500, yana mayar da ruwan ƙasa ya zama kamar datti, mai ɗumi kuwa, na wajen 2700, yana fito da jansa. Shi ya sa ba a sayen fentin gida duka sai an shafa ɗan fili a bangon da kansa an dube shi da hantsi da la'asar da kuma bayan isha'i.

Gidajen ma'aikata na shekarun 1950 zuwa 1970 ba sa buƙatar dogon bayani, domin daɓensu na jan siminti ko na tarazo, wato tsakuwar da aka cakuɗa da siminti aka goge, shi ne ke faɗin launin da zai zauna da shi. A ɗauki launi guda daga cikin tsakuwar a kai shi bango, a bar tagogin luba da ƙofofin katako yadda suke.

Akwai haɗari guda da ya shafi waɗannan gidaje da duk wani tsohon ƙyaure ko taga da aka sha shafa wa fentin mai, wato dalma. An daɗe ana saka ta a fentin mai, musamman rawaya da ruwan goro da ja, domin launi ya yi kaifi ya kuma bushe da wuri. Amurka ta hana amfani da irin wannan fenti a gidaje tun 1978, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana goyon bayan iyakar kashi 90 cikin miliyan ɗaya, amma binciken da aka yi a kasuwannin ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya, ya sami fentin mai da ya zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara, kuma wanda ya tuna abin da gubarta ta yi wa ɗaruruwan yara a ƙauyukan Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinare ta fito, ba ya buƙatar a yi masa dogon gargaɗi. Kankare tsohon fenti a bushe, ko goge shi da sanfefa, ko ƙona shi, yana mayar da shi ƙurar da ake shaƙa, don haka a jiƙa shi kafin a kankare, a fitar da yara da masu juna biyu daga gidan, a kuma goge ƙasa da ɗanyen tsumma maimakon tsintsiya.

Ga gidajen da suka kai matsayin kayan tarihi, irin Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, ko tsohon birnin Agadas da UNESCO ta saka a jerin wuraren tarihi na duniya a 2013, maganar yayi ba ta taso ba, domin ƙa'idar adana gine-gine tun daga Yarjejeniyar Venice ta 1964 ita ce a mutunta kayan asali da abin da hujja ta tabbatar. Amma mafi yawan zane-zanen ƙasar Hausa ba a hannun hukuma suke ba, suna jikin zaurukan gado ne a lungunan Zariya da Kano da Katsina da Damagaram, kuma magada ne ke yanke shawarar abin da za a yi da su. Kiran da ake yi ga waɗannan magada, da masu fentin da suke ɗauka aiki, shi ne kafin a buɗe gwangwani a ɗauki hoton bangon ta kowace fuska, a kankare ɗan wuri a wani lungu a ga launukan da ke ƙarƙashi, sannan a nemi wani dattijo cikin maginan unguwa a tambaye shi abin da aka yaɓe bangon da shi tun asali.